Wace Matatar Ruwa Ce Za Ta Bar Min Ƙauyenmu a Cikin Ruwa?

Malama Seok,

Don girman iyayenki, ke da kike amsa wasiƙun masu karatu a jarida, ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye, tsoho ba ya iya ba da labari a miƙe. Tambayata a baki ƙarama ce: wace irin matatar ruwa zan saya don dafa giyar sha'ir a gida? Na san za ki ce ai wannan tambayar masu shago ce. Na je wurinsu. Kowanne sai ya jawo kwalin da ya fi girma ya ce wannan ba ta barin komai a cikin ruwa, ni kuwa abin da nake tsoro ke nan. Akwai abin da nake so a bar min a ciki. Da na fara yi musu bayani sai su riƙa leƙen ƙofa ko wani mai saye zai shigo ya cece su daga hannuna.

Shekaruna saba'in da huɗu, tsohon direban bas ne ni. Bayan matata ta rasu, 'yata Hyeran ta ga ina neman zama ɗaya da kujerar gaban talabijin, ta je ta rubuta sunana a ajin koyon dafa giya da ake yi a zauren unguwa. Na je da fushi, na fito da sana'a. A saman rufin gidana nake dafawa, kusa da randunan miyar waken da marigayiya ta bari. Da farko daga marmaron dutsen da ke bayan unguwarmu nake ɗebo ruwa, har gwiwoyina suka fara yi min tawaye, daga baya ma hukuma ta rataya allo a wurin wai ruwan bai ci jarrabawa ba, sai na koma sayen na kanti. Giyata dai ba ta taɓa ba ni kunya ba, maƙwabta na iya ba da shaida, don sun fi ni shan ta.

Ni ɗan Borisil ne. Kada ki wahalar da kanki da taswira, ba za ki gan shi ba. Sama da shekara arba'in ke nan da aka gina madatsar ruwa, tafki ya hau kan gidajenmu da gonakin sha'ir ɗinmu da makarantarmu. Mu bakwai Innarmu ta haifa, yau saura biyu: ni auta, da babbar yayarmu Bunrye, wadda ta girme ni da shekara goma sha biyar. A gindin gidanmu akwai wata 'yar rijiya da aka kewaye da duwatsu, idon ruwa ne, ko guga ba ta bukata, da ƙoƙo ake kamfata. Tana da murfin katako, kuma duk wanda ya ɗebi ruwa ya bar ta a buɗe, ranar zai san Inna tana da hannu. Da ruwan nan take haɗa giyarta ta sha'ir a ɓoye, a zamanin da ma'aikatan haraji ke bin gida-gida suna shinshina tuluna.

Bara, kin dai tuna farin da aka yi. Tafki ya yi ta ja da baya har aka nuna tsohuwar gadarmu a labarai. Na sa surukina Bang, mijin Hyeran, ya kai ni a mota. Muka sauka muka taka a kan laka busasshiya da ta tsattsage, ba tsuntsu, ba ciyawa, sai ƙwanson kifi. Na yi zaton ba zan gane komai ba, ashe ƙafa ba ta mantuwa. Ita ta kai ni matakalar makaranta, ta karya da ni hagu, ta hau da ni 'yar gangara, sai ga kututturen kanyar tsakar gidanmu, baƙi ƙirin, a tsaye inda na bar shi.

Sai na ji ƙara. Wata 'yar ƙara siririya, a wurin da babu abin da ya kamata ya yi motsi. Malama, rijiyar ce. Duwatsun suna nan a jere, laka ta cika ta, amma daga tsakiyar lakar ruwa na ɓuɓɓugowa garai-garai, yana juya 'yan ƙwayoyin yashi, ya tsallake baki ya miƙa siririn layi zuwa tafki. Gwiwoyina da ba sa yarda in durƙusa ko a gaban teburin da muke girmama kakanni, ranar da kansu suka kai ni ƙasa. Ashe duk shekarun nan tana aikinta. A cikin duhu, ƙarƙashin ruwan da ya fi bene goma zurfi, ba mai ɗiba, ba mai rufewa, ba mai godiya, ba wanda ya gaya mata an tashi. Na yi aure-auren 'ya'ya, na binne mata, na tsufa, ita ko tana nan tana ɓuɓɓuga. Tsigar jikina ta tashi, kuma har yanzu da nake rubuta miki ta sake tashi.

Bang ya ce, "Baba, don Allah kada ka sha, ba a gwada shi ba." Na ce, "Kai aka gwada ka kafin in ba ka 'yata?" Na sa hannu biyu na sha. Sanyinsa ya riƙe min haƙora kamar yadda yake yi ina yaro. Muka koma mota muka ɗauko jarka biyu, shi ya ɗauke su duka a dawowa, yana nishi yana ce min ba nauyi.

Na dafa giya da ruwan nan don taronmu. Duk kaka, bayan bikin girbi, mutanen Borisil da suka rage muna haɗuwa a rumfar da ke bakin tafki, mu shimfiɗa tebur da busasshen kifi da wainar shinkafa da tuffa, mu rusuna wa ruwa, mu zuba masa kofin farko, sannan mu ci mu yi gulmar waɗanda ba su zo ba. Aka kawo Yaya Bunrye daga gidan kula da tsofaffi a keken guragu. Ta daɗe da daina gane mutane. Ɗanta na cikinta "malam" take ce masa, ta kuma gode masa da ladabi in ya gyara mata bargo. Ni kuwa kallona take yi irin kallon da fasinja ke yi wa direba. Ban gaya wa kowa daga ina ruwan ya fito ba, na kuma ja wa Bang kunne, don ina so in ga ko tsofaffin za su ji wani abu.

Na zuba mata ɗan kaɗan a ƙasan kwano. Ta kurɓa, ta riƙe a baki ta daɗe, ta haɗiye. Sai ta ɗago ta dube ni tsakiyar ido, da muryar nan tata ta da, mai kaifi, ta ce, "Auta, ka je rijiya. Ka mayar da murfin?"

Kowa a rumfa ya juyo kanmu. Tsohon shugaban ƙauyenmu, wanda kunnensa ya mutu tuni, shi kaɗai yake tambaya, "Me ta ce? Me ta ce?" Na ce, "Na mayar, Yaya." Ta ce, "Ƙarya kake, kullum haka kake cewa." Mutane suka fashe da dariya suna share hawaye. Yinin nan zungur ta san ni. Ta tambaye ni matata, ta yi min faɗan na rame, ta ce rigata ba ta da guga. Da yamma da aka tura ta zuwa mota, hankalinta ya sake komawa inda yake zuwa. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, ban san yadda kurɓi guda zai buɗe ƙofar da likitoci suka ce ta rufe ba, amma da idona na gani, mutum kusan talatin ma sun gani.

Bana ruwan sama ya dawo da ƙarfinsa, tafki ya koma ya rufe komai. Yaya kuma wani abu ya maƙale mata. Ba ta san sunana ba, amma duk ranar da na je sai ta ce wa masu kula da ita, "Ga mai ɗebo ruwa ya zo." Sannan ta dubi hannuwana ta ce, "Ina nawa?" In ce yana zuwa. Jikinta yana ta raguwa, kwanon shinkafarta rabi take ci. Taronmu saura wata uku, kuma ba ni da ko ɗigo na ruwan rijiyar.

Wata safiya ina wanke fuska sai abin ya faɗo min: ai ruwan famfon garin nan daga tafkin nan ake jawo shi. Kowa ya sani, ni ma na sani, amma ban taɓa tsayawa na ji shi a jikina ba. Rijiyar Inna tana zuba cikin tafki, tafki yana shiga bututu, bututu yana zuwa gidana. Wato ruwan da ya kwana a ɗakinmu, ya bi ta ƙofar makaranta, ya shafi kututturen kanya, shi nake murɗawa kullum. Shekara arba'in ina wanke safa da ƙauyenmu ban sani ba! Na tsaya gaban famfo yana zuba, na rasa ko in rusuna masa ko in kashe shi.

Nan da nan na haɗa tukunya. Famfona yana ƙasa gindin matakala, don haka na jona koren tiyon nan da muke wanke kabeji da shi lokacin haɗa kimci, wato kabejin nan da muke tsimawa da yaji, na ja shi har sama na cika tukunya. Da giya ta nuna na buɗe kwalba, sai warin asibiti ya doke ni, irin na filasta da maganin ciwo. Na ce ko hancina ne ya tsufa. Na kira Bang ya ɗanɗana. To kin san halinmu, yaro ba ya sha yana fuskantar babba. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya kai gefe, ya kare kofi da tafi, ya sha, ya gyara fuska tsaf kafin ya juyo. Na ce, "Yaya ka ji ta?" Ya ce, "Baba, tana da... tana da hali." Bai san gilashin taga ya tona masa asiri ba. Fuskar da ya yi a can gefe, ko wanda ya tauna ɗanyar kanya albarka. Daga nan na fara tunanin ko sau nawa aka yaba min giya da ƙeya.

Hyeran ta ce, "Baba, wa yake amfani da ruwan famfo tsurarsa a zamanin nan? Zo ka ɗiba a injinmu." Suna da irin matatar nan ta haya wadda wata mata ke zuwa lokaci-lokaci ta canja mata kayan ciki. Na yi sa'a na tarar da matar. Ta ce, "Baba, wannan fatar da ke ciki ko ƙwayar gishiri ba ta wucewa, ruwa zalla take ba ka." Na ce to abin da ta cire ina yake zuwa? Ta nuna min wani siririn bututu da ke tsiyaya cikin magudana. Na tsuguna ina kallonsa har Hyeran ta ce, "Baba, lafiya?" Na dai ɗiba na dafa, don kada a ce na raina. Giyar ta yi nawa wajen tashi, ta ƙi washewa, ba wari kam, amma lami, kamar gaisuwar mutumin da ba ya son ka.

Akwai kuma wani abu. A tsakiyar zafin nan ruwan famfonmu kan zo da ɗan ƙamshin ƙasa, irin na gona bayan yayyafi. Hyeran ta ce datti ne. Ni zuciyata tana gaya min ƙasar Borisil ce, kuma shi ne abin da na fi tsoron matatar ruwa ta kwashe.

Yanzu gida ya rabu. Bang ya ce in sayi ruwan kwalba mai kyau in ce wa Yaya ragowar na bara ne, wa zai sani? Hyeran ta ce na mayar da kaina abin tausayi, in kai wa Gwaggo lemo kamar kowa in huta. Na yi mata tsawa, ta yi kwana biyu ba ta kira ni ba. Abin da ban gaya musu ba, na yi magana da wani mai kwalekwale, ya ce in na iya nuna masa daidai wurin, zai kai ni in zura kwalba da igiya da dutse har ƙasa. Ina jin zan iya gane wurin daga kan tsaunuka.

Malama, ba giya ce ta dame ni ba. Ina so yayata ta sake kirana Auta ko sau ɗaya kafin ta tafi, kuma hanyar da na sani guda ce. Akwai matatar da za ta cire warin asibiti ta bar min ƙauyenmu? Ko dai 'yata ce ke da gaskiya, tsufa ne ya fara taɓa ni?

Naki,
Mai Ɗebo Ruwa, daga garin da ke gindin madatsa


Baba Mai Ɗebo Ruwa,

Tsufa bai taɓa ka ba, tiyo ne ya cuce ka. Bari in fara da wannan don hankalinka ya kwanta. Duk shekara in lokacin haɗa kimci ya zo, hukumar ruwa tana roƙon mutane kada su jiƙa kabeji da tiyon roba na ban-ruwa, kuma duk shekara sai an sami gidan da ya zubar da randa guda yana zagin famfo. Sinadarin kulorin da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, in ya haɗu da abin da irin wannan roba ke saki, shi ke haifar da warin filastar nan, tafasa kuma ba ta korar sa. Tiyonka ya yi shekaru yana kwance a rana, sannan ka ja ruwa ta cikinsa tun daga ƙasa har sama. Ko babu tiyo ma, kulorin da tsiron sha'ir ba sa ga-maciji, ɗan kaɗan ya isa ya ɓata tukunya. Ka bar wa ban-ruwan shuke-shuke koren tiyon. Ka sayi wanda aka rubuta na abinci ne, ko Bang ya hau maka da ruwan a bokitin ƙarfe, tunda ya ce ba nauyi. In kuma da bilic, ruwan nan na faranta tufafi, kake wanke kwalabe, shi ma ka sallame shi.

Yanzu ga amsar tambayarka. Matatar gawayi za ka saya, irin dunƙulen gawayin da ake sakawa cikin gwangwani a jona a bakin famfo. Ba ta da wani kwarjini, shi ya sa masu shago ba su jawo maka ita ba. Gawayi yana kama kulorin da wari, amma abin da ruwa ya narkar daga jikin duwatsu a kan hanyarsa, wannan wucewa yake yi abinsa. Matatar da ake yi da zare ko soso kuwa, laka da tsatsa kawai take tarewa, ba za ta yi maka maganin komai ba ita kaɗai. In ka kawo ta gawayin, ka bar ruwan farko ya zube har baƙin ya washe, sannan ka rage famfo ya riƙa zuba siriri kamar tsinken cin abinci, don gawayi ba ya aiki da gaggawa. Ka tara a tukunya tun jajibere, washegari ka kurɓa da sanyinsa kafin ka zuba ko ƙwayar tsiro. Ka canja dunƙulen a kan lokacin da aka rubuta, kada kuma ka bar shi jiƙe a zafin saman rufi daga wannan dahuwa zuwa waccan.

Injin Hyeran ba abokin gaba ba ne. Aikin da aka yi shi dominsa yake yi, kuma akwai gwanayen masu dafa giya da ke farawa da irin ruwansa da gangan, sannan su auna garin ma'adini su mayar da hannunsu. Giyarka ta yi nawa ta yi lami ne don an kwashe ɗan abin da tsiro da yisti ke jingina da shi, ba a mayar ba. Ga mai neman giya mai daɗi kawai, hanya ce mai kyau. Kai ba ita kake nema ba.

Ƙamshin ƙasar nan kuwa, ka yi haƙuri Baba, 'yarka ta fi ka kusa da gaskiya. Gansakuka ce da ke yaɗuwa a saman tafki in rana ta yi zafi. Ba ta cutarwa a yadda take iso maka, amma ba gonar Innarku ba ce, kuma na tabbata ruwan da ka sha da hannu biyu bara ba shi da wannan ƙamshi. Gawayi zai tafi da shi, ka bar shi ya tafi.

Ba zan ɓoye maka ba, na karanta wasiƙarka na ajiye, na je na tsaya gaban famfon ofishinmu ina kallonsa kamar ban taɓa ganin famfo ba. Rijiyar da ke ɓuɓɓuga shekara arba'in a ƙarƙashin tafki ba ta fita raina ba har yanzu. Amma tunda gaskiya ka zo nema, ga ta. Tafkin nan kwaruruka da yawa ne ke zuba masa, rabon rijiyarku a cikin tukunyarka bai kai a auna ba. Ruwan famfo ba ruwan rijiya ba ne, babu matatar da za ta mayar da shi haka. Sai dai kuma ba za a ce babu ita a ciki ba, kuma tsaunukan da suka ba rijiyar ɗanɗanonta su ne dai suke ba tafkin nasa. Lissafinka bai yi ƙarya ba, ya dai fi ƙarfin ma'auni.

Ba kuma zan yi maka alkawarin za ta sake kiran ka Auta ba. Babu wanda ya san abin da ya buɗe ƙofar nan bara. Wataƙila ruwan ne. Wataƙila ƙamshin sha'ir ne, da iskar tafki, da muryoyin mutanen Borisil a kewaye da ita, da hannunka da ya miƙa kwanon, duka suka taru. Masu irin wannan lalura sukan yi irin wannan farkawa, su kuma koma, likitoci ma kallo suke yi da mamaki kamar mu. Ka dafa giyarka da kyau, amma kada ka ɗora wa kurɓi guda nauyin da in bai ɗauka ba za ka ce ka gaza.

Maganar kwalekwale, a'a. Ba na ma son in tsawaita. Wurin da ake jan ruwan shan gari ba a shigarsa yadda aka ga dama, abin da kwalba za ta kamfato a ƙasan can laka ce da ruwan da ya daɗe bai ga iska ba, kuma dattijo mai ciwon gwiwa yana leƙa zurfi daga bakin kwalekwale, garin neman gira ke nan a rasa ido. Yayarka mutum ɗaya ya rage mata a cikin 'yan ɗakinsu.

Shawarar Bang daga tausayi ta fito, kada ka riƙe shi. Mutumin da ya shanye giya mai warin filasta ya ce tana da hali, ba mugu ba ne. Amma kada ka bi ta. Matar da ta gane rijiya ba a gaya mata ba, ba ita za a yi wa wayo da ruwan kanti ba, kuma ko ba ta gane ba, kai ka sani, za ka tsaya gabanta kana jiran abin al'ajabi da ƙarya a hannu. Hyeran ma ka kira ta. Da ta ce ka huta, tsoro ne ya yi magana: tana kallon gwaggonta tana tafiya, tana kallon ubanta yana tsugune gaban magudana. Ka gaya mata abin da ka gaya min, har da na kwalekwalen, ka bar ta ta yi faɗanta. Sannan ka ce ta raka ka sayen matatar, ta kuma tambayi masu kula da Yaya ko magungunanta na yanzu sun yarda da ɗan kurɓi. In sun ce a'a, ruwan tsiro mai zaƙi da ka tace kafin ka sa yisti ma daga tukunya ɗaya ya fito, ka kai mata shi da ɗuminsa.

Abu na ƙarshe, shi ne kuma ya fi duk sauran. Ka ce taro saura wata uku, ka kuma ce rabin kwano take ci. Baba, kada ka jira kaka. Ranar taro ta ƙungiya ce, jikin mai shekara tamanin da tara bai san da ita ba. Ka sayi gawayin a makon nan, ka dafa 'yar ƙaramar tukunya, da ta nuna ka ɗauka ka tafi, ko ranar Talata ce, ko babu kowa sai kai da ita da ƙarar talabijin. In ta ce ina nata, ka ce ga shi. Ka gaya mata gaskiya, cewa rijiya ta koma ƙarƙashin ruwa amma tana nan da ranta, ka gani da idonka, wannan kuma ruwan da ya bi ta kanta ne. In kaka ta same ku, sai ka sake dafawa.

In ta gane ka, ka rubuto min, zan yi kuka a ofis ba kunya. In ba ta gane ka ba, ka zauna ka riƙe mata kwanon har ta gama. Ba ka faɗa ba, amma wadda ta girmi auta da shekara goma sha biyar a gidan manoma, na san a bayan wa ka yi wayo. Ta daɗe tana ɗura maka ruwa a baki kana kallonta ba ka san sunanta ba, kuma ba ta fasa ba. Yanzu layi ya zo kanka.

Ina yi wa tukunyarka fatan tashi lafiya, gwiwoyinka su yi sauƙi, ka kuma gaishe min da Yaya Bunrye da hannu biyu.

Malama Seok